Saura Rufin Ɗakin Inna

Kibiya, cikin watan Muharram

Zuwa ga taubashiyata Nuriyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kin koma Ibadan lafiya, kin tarar aikinki bai gudu ya bar ki ba. Mu nan alhamdu lillahi. 'Yata Fanta ta yi zazzaɓi ta warke. Ruwa yana sauka sosai, hanyar Rano duk ta zama taɓo. Inna tana wurina tun bayan addu'ar bakwai ta Yaya Abdurrahim, mun kwaso kayansu daga ɗakin hayar Rano. Tana ɗan cin abinci, ƙafar ce dai har yanzu.

Kada ki yi mini dariya don na rubuto takarda. Wayar gidan nan ba ta da sirri, da ta yi ƙara Inna za ta jawo tabarmarta ta ce a buɗe murya kowa ya ji. Lado direba zai kai masara wajenku, shi na ba.

Ga abin da ya dame ni. Kin san gidanmu na Rurum Tsohon Gari, wanda ruwa ya rushe bayan rasuwar Baba. To Inna ta ce Yaya ya sake gina shi.

Na ce, "Inna, da wane ƙarfin? Mutumin da sikila ta hana ɗaukar bokitin ruwa?"

Ta ce, "Gayya aka yi masa. Yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Kin san ta, har ya koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne. Ta ce ya daɗe yana yi mata tambayoyi: ina rijiya take, ƙofar ɗakin Baba gabas take kallo ko kudu, wace bishiya ce a bayan madafa. Kafin ciwon nan na ƙarshe ya kwantar da shi ya ce mata, "Inna, saura rufin ɗakinki." Yanzu so take bayan arba'in a kai ta can. Ta ce ba za ta ƙare kwananta a gidan suruki ba alhali ɗanta ya bar mata gida.

Baban Fanta ya tambayi wani ɗan acaɓa na Rurum, ya ce shi dai dawar Baffa Sule yake gani a filin. Ko a wani wuri Yaya ya gina? Ke ce abokiyar sirrinsa, kullum kuna kan waya kuna ƙyaƙyata dariya. In kin san wani abu, don Allah ki rubuto.

Taki,
Sa'adiya


Ibadan, ƙarshen Muharram

Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki tana ƙamshin masara. Ina lafiya, aikin kuma bai gudu ba, ƙwarin wake da nake bincike a kansu sun jira ni cikin haƙuri. Ki gaishe mini da Gwaggo, da maigidanki Malam Jabiru, da Fanta. Allah ya ƙara mana haƙuri.

Gidan yana nan. Na shiga da kaina, ba sau ɗaya ba. Zaure yana nan da dakalinsa, rijiya tana bayan ɗakin Baba kusa da lemun tsami, an yi wa bango maƙuba har yana sheƙi. Gaskiya ne gayya aka yi, gaskiya ne kuma ɗakin Gwaggo kaɗai ya rage ba rufi. Ban taɓa ganin gida mai tsabtarsa a Tsohon Gari ba: babu kashin kaji, babu sauro, babu Baffa Sule.

Sai dai ba a ƙasa yake ba. A cikin kwamfutarsa yake.

Akwai wani wasa da yaran duniya suka haukace a kansa, ana ɗora bulo kan bulo a gina duk abin da rai ke so. Na kamfani ne, sai an saya, cikinsa kuma a kulle yake, ba mai ganin yadda aka haɗa shi. Sai wasu masu son wasan, waɗanda ba su ma san juna ba, kowa yana garinsu, suka ƙera irinsa tun daga tushe suka bar shi a buɗe. Kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya leƙa cikinsa, wanda ya iya ya ƙara nasa. Na taɓa zama ina yi wa yayanki dogon bayanin tsarin da Turancin jami'a, ya bari na gama sannan ya ce, "Ke dai akwai wahalar da kai. Gayya ce."

Abin da ya ɓata masa rai shi ne wasan yana da ƙanƙara, yana da itatuwan da ba wanda ya taɓa gani a Rano, amma ba shi da jar ƙasa. Sai ya zauna ya koyi yarensu na kwamfuta, ya saka musu tubali, da azara, da indararo, da zanko. Wani mutumin Brazil ya gyara masa launin ƙasar. Wata mata a Poland ta taya shi har ƙyauren zaure ya yarda ya buɗu. In ya kunna sai ya kira ni, in shiga daga nan, ya zagaya da ni yana nuna mini kamar dillali.

Kin tuna yaɓen gidanku kafin damina? Maza suna kan katanga suna cafe curin ƙasa, shi yana ƙasa a inuwa da rigar sanyi. Ranar da ya saci jiki ya hau, ke ce Gwaggo ta aika: "Je ki ce wa yaron nan ya sauko." Wannan ce gayya ta farko da ya je ba a ce masa ya zauna ya huta ba.

Na tambaye shi ko Gwaggo ta fahimta. Ya ce ya gaya mata a kwamfuta ne, ta ce to, ai yanzu komai a kwamfuta ake yi, har kujerar Makka. Ya yi dariya ya ce in ya gama rufin zai zaunar da ita ta gani da idonta. Ya ɗauka yana da lokaci. Mu da muka san ciwonsa ma haka muka ɗauka, sai ki ga amfanin karatu.

Ki gaya mata a hankali, ke da ita kaɗai.

Nuriyya


Kibiya, cikin Safar

Nuriyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in abin da muke ciki sunansa lafiya.

Ke kam Allah ya ba ki ilimi, ya hana ki fara magana daga farkonta. Ranar da Lado ya kawo takardarki ina gidan suna a Zurgu, ruwa ya tsare ni na kwana. Inna ce ta karɓa. Ta kira Baban Fanta ta ce, "Malam, karanta mini, daga 'yar ƙanena ce." Shi kuwa bai san komai ba, ya karanta shafin farko da ƙarfi. Kin san inda shafin ya ƙare? Daidai kan Baffa Sule. Ya ce Inna ta yi dariyar da ba ta yi ba tun rasuwar. Da ya juya bayan takardar ya ga sauran, sai ya ce, "Ragowar gaisuwa ce, Inna." Ya ce bakinsa ne ya ƙi.

Da safe yana fita kasuwa ta ɗaure ƙullinta, ta ɗaura zanenta na ajiya, ta tsayar da ɗan acaɓa. Ina dawowa na karanta takardarki na bi bayanta.

Na same ta tsaye a filin, dawa ta fi ta tsawo. Ba abin da ya rage sai guntun bangon zaure da bakin rijiya an rufe shi da ƙaya. Baffa Sule ya taho da fartanya a kafaɗa yana cewa, "A'a, Zainaba, lafiya? Ai da kin aiko na zo."

Ta ce, "Dawarka na zo dubawa. Ta yi kyau."

A gida na yi mata bayani yadda na iya. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Wasa?"

Na ce, "Ba irin wasan da kike nufi ba, Inna."

Ta ce, "Wato duk tambayar nan da yake yi mini, ina ba shi amsa ina murna, ashe wasa yake da ni. To. Na yafe masa."

Tun daga ranar, duk sallar da ta idar sai ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya yafe wa yaron nan ƙaryar da ya yi mata. A fili take faɗa, muna ji. Da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ciwo ke murɗawa ya cije leɓe don kada ta ji nishinsa, yau a wurinta ya tafi yana maƙaryaci, kuma ba shi da bakin kare kansa.

Ke kika iya magana. Sai ki faɗa mini yadda zan yi.

Sa'adiya


Ibadan, cikin Safar

Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Gwaggo, in za ta amsa. Ki ce wa Malam Jabiru ban ga laifinsa ba.

Kin fi ni gaskiya. Ban saba rubuta wannan jimlar ba, sai ki adana takardar.

Bayani ba zai yi ba, kin ga inda nawa ya kai mu. Sai ta gani. Kwamfutar tana cikin baƙar jakar nan da kuka kwaso daga Rano. A kai wa mai cajin waya ya cika ta. In ta nemi kalmar sirri, ki rubuta sunan Gwaggo na yanka. Da baki bai taɓa iya faɗarsa ba, amma yatsunsa kullum sai sun kira shi kafin ya fara aiki. Su biyun nan haka suka ƙare, kowa yana kewaye sunan kowa.

Za ki ga hoton wani ɗan bulo kore, ki danna shi, sannan ki danna inda aka rubuta Tsohon Gari. Ba ya buƙatar data. In kin goga yatsa a kan faifan da ke gaban maɓallai, za ki iya duba hagu da dama, sama da ƙasa.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a taɓa maɓallan tafiya. Wasan yana ajiye mutum daidai inda ya tsaya ranar da ya rufe. Ranar ƙarshe ya kira ni ban shiga ba, ina wani taro kan ƙwari wanda yanzu ko kansa ban tuna ba. Ina so in zo in same shi inda ya bar kansa. Kabarinsa ba shi ya zaɓi wurin ba. Wannan shi ya zaɓa.

Nuriyya


Ibadan, farkon Rabi'ul Awwal

Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun. Lado ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na kira wayarku Malam Jabiru ya ce mini "lafiya lau" da irin muryar da ake cewa lafiya lau in akwai mutane a gefe. In fushi kike, ki rubuto fushin, zan karanta shi gaba da baya.

Na sanar da 'yan gayyarsu rasuwar. Ban zaci komai ba, mutanen da ko fuskarsa ba su sani ba. Sai ga amsoshi. Matar Poland ta ce ba ta san yana ciwo ba, ita dai ta san shi da gardama kan launin ƙasa. Wani ya turo hoton gidan da ya gina da tubalin yayanki, da zankwayensa tsaf, a tsakiyar ƙanƙara. Ya sa indararo yana kallon cikin ɗaki. Na gyara masa cikin ladabi.

Sun ce in an turo musu gidan za su haɗu su ƙarasa rufin. Na ce ba nawa ba ne, mai ɗakin tana raye. Ki tambaye ta, in har tana sauraron maganar.

Nuriyya


Kibiya, cikin Rabi'ul Awwal

Taubashiya,

Wa alaikumus salam. Ba fushi ba ne, ko in ce ba fushi kaɗai ba. Jinin Inna ya hau, muka kwana biyu a asibiti a Rano. Ta hana a gaya miki. Yanzu da sauƙi, mun dawo. Dawa ta fara fitar da kai. Fanta tana gaishe ki.

Kafin ciwon na kawo mata kwamfutar ta juya baya, ta ce ita ba ta kallon wasa. Na mayar jaka.

Baban Fanta ne ya yi dabara, kin san tun ranar takardar nan ba ya iya haɗa ido da ita. Jiya da hantsi Inna tana rumfa tana tsince shinkafa, ya zo ya zauna nesa kaɗan, ya ce in kunna kwamfutar.  Na rubuta sunan. Sai ga gidanmu, Nuriyya. Daga sama muke kallonsa, duk tsakar gidan a gabanmu.

Ya ɗaga murya ya ce, "Maman Fanta, wannan ƙaramin na kusa da rijiya ai ɗakin awaki ne ko?"

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗakin surukata ne, Allah ya jiƙanta."

Ya ce, "To ai ƙofarsa yamma take kallo."

Ta ce, "Kudu."

Ya ce, "Ni dai yamma nake gani, Inna."

Ta ajiye faifan shinkafar ta ce, "Miƙo nan, kai ba ka san gabas ba ko a gidanka."

Ta daɗe tana kallo. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wane irin rumbu ne wannan mai kusurwa huɗu?" Na ce a garin komai haka yake, har rana. Sai ta shiga nunawa da yatsa: turmi a gindin lemun tsami, murhun da ke jingine da katangar maƙwabta, igiyar shanya. Da ta hango alkukin da ke gefen ƙofar ɗakin Baba, inda yake ajiye carbinsa, sai ta tsayar da yatsa a kai. Ta ce, "Wannan tun kafin a haifi yaron nan aka toshe shi. Ni na gaya masa." Muna zaune ranar cikin wasan ta faɗi, ta sake fitowa. Inna ta ce, "Ranar garin nan ba ta daɗewa."

Can ta ce, "Wannan ɗan mutumin fa, da ya ba mu baya?"

Ashe duk abin nan ta bayan kansa muke kallo. Ɗan mutum ne da shuɗiyar riga da hula, a tsaye a kan katangar ɗakinta. An jera azara rabi, rabi sama a buɗe. Akwai guda a hannunsa.

Na ce, "Shi ne, Inna. Nan ya tsaya."

Ba ta dube ni ba. Ba ta ce in je in gaya masa ba. Ta matso da fuskarta dab da gilashin ta ce, "Abdurrahim. Sauko haka nan, rana ta yi."

Baban Fanta ya tashi ya fita. Ni ban san lokacin da na toshe bakina da mayafi ba.

Da ta yi azahar ta yi masa addu'a mai tsawo, babu maganar ƙarya a ciki. Na gaya mata saƙon mutanenki. Ta ce gayya ba a korar ta, su zo su rufa, Allah ya yi musu albarka, amma ba wanda zai hau katangar nan sai Yaya ya sauko tukuna. Yau tun safe ta tambaye ni ya fi a ƙirga: "Ya sauko?"

Na yi miki alkawari ban taɓa komai ba. Yana nan inda kike so ki same shi. Amma ba ta iya barci tana sane yana can sama. Ki gaya mini abin da zan ce mata, ko ki gaya mini abin da zan danna.

Taki,
Sa'adiya


Ibadan, ranar da takardarki ta iso

Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya. Lado yana tsaye a kaina da makullin mota, don haka yau daga farko zan fara.

Ki sauko da shi. Na so in ce ki ɗaukar mini hoto, sai na ga takardarki ta isa.

Akwai tsani a kusurwar ɗakin ta wajen rijiya, ni na ga lokacin da ya kafa shi. Ki juya fuskarsa can, ki riƙa taɓa harafin W kaɗan kaɗan har ya kai. Sannan ki danne dogon maɓallin da ke gefen hagu, mai hoton kibiya. Sama take kallo, amma ita ce ke saukarwa. Ke da kike aure a Kibiya ba za ki kasa gane ta ba.

Kada ki yi sauri. A wasan nan ma wanda ya faɗo daga katanga yana jin ciwo.

Ki kai shi zaure, akwai inuwa a kan dakali. Azarar ki bar masa a hannunsa, tasa ce. In ya isa, ki je ki gaya wa Gwaggo ya ji kiranta.

Nuriyya